Kafin Reshe Na Gaba Ya Faɗo

'Yan uwa malamai,

A farkon daminar bara, ranar wata Laraba, misalin ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, hadari ya taso daga gabas. A ɗaya daga cikin makarantun da ke ƙarƙashin wannan reshe na ƙungiyarmu, 'yan aji uku suna zaune a gindin wata tsohuwar darbejiya, domin shekara biyu ke nan da iska ta yaye kwanon ajinsu, ba a kuwa mayar ba. Malamarsu ta ɗaga kai ta ga sama ta yi ja, sai ta ce su kwashi jakunkunansu su shiga ajin 'yan aji huɗu, a matsu. Na ƙarshensu bai gama tsallake dokin ƙofa ba aka ji ƙara kamar tashin bindiga. Wani reshe ya ɓalle daga tsakiyar bishiyar, ya sauka daidai inda allo yake jingine, ya raba shi biyu, ya karya benci biyu. Yara sama da sittin ne suke zaune a wurin minti uku kafin haka.

Da iska ta lafa muka je muka auna reshen da tef ɗin malamin lissafi. Tsawonsa mita 4, kaurinsa kuwa kusan santimita 30. Duk wanda ya koyar da lissafin aji shida zai iya fitar da sauran: ɗanyen itace mai wannan girma nauyinsa ya kai kilo 250, wato buhun siminti biyar. A inda ya tsage kuwa, tsakiyarsa ta riga ta zama gari, gara ta cinye ta, ɓawo da ɗan abin da ba a rasa ba ne suke riƙe da shi. Mai gadin makarantar, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ya dubi hedimasta ya ce, "Malam, ai tun bara nake gaya muku wannan reshe ya mutu a tsaye." Gaskiya ya faɗa. Hedimastan ma bai yi shiru ba, domin sau biyu ya rubuta wa ofishin da ke samansa yana neman a turo wanda zai duba, kuma har ranar da abin ya faru ba a amsa masa ba.

Bayan kwana biyu wani jami'i ya zo, ya zagaya, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya kuma ba da shawarar a sare duk itatuwan da ke harabar a huta. Kafin mako ya zagayo wani mai sana'ar gawayi ya iso da injinsa, yana cewa zai yi aikin kyauta in dai za a bar masa itacen. Waɗannan amsoshi biyu, shirun da aka yi kafin hatsari da gatarin da aka miƙo bayansa, su ne muke so mu yi wa tankaɗe da rairaya a wannan fitowa, domin duka biyun ba mu yarda da su ba.

Mu fara da asalin itatuwan nan. Yawancin makarantun firamare na wannan yanki an kafa su ko an faɗaɗa su ne a zamanin shirin ilimin firamare na bai ɗaya, wato UPE, wanda aka ƙaddamar a 1976. Malaman farko na lokacin su ne suka dasa darbejiya da maɗaci da mangwaro da turare a layi, suka raba wa yara aikin ban ruwa, kowane aji da nasa dashen. Darbejiya kanta baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, an shigo da ita Borno a wajajen 1928, ta kuma bazu saboda tana jure fari tana ba da inuwa a watan da babu inuwa. Mu da muke koyarwa yanzu a ƙarƙashinsu muka yi taron safe muna 'yan firamare a shekarun 1980. Ke nan itatuwan da muke magana a kansu sun doshi shekara hamsin, a ƙasar da dubban ƙafafu suka daddaɓe har ta zama kamar daɓen ɗaki, ba taki, ba ban ruwa, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ya duba lafiyarsu. A wajajen 1990 darbejiyoyi da yawa a Jamhuriyar Nijar da arewacin Najeriya sun yi ta zubar da ganye suna bushewa daga sama, kuma masu bincike da dama sun danganta abin da ƙarancin danshi da taurin ƙasa. Wannan shi ne ainihin halin da filin kowace makaranta yake ciki.

Gini idan ya tsufa ana zuwa a duba shi, ko da sau ɗaya ne a shekara biyar. Masu duba makarantu suna zuwa mana, suna neman rajista da tsarin darasi da kundin makaranta, suna ƙirga benci, suna leƙa ban ɗaki. A cikin shekarun da muka yi muna wannan aiki, ba mu taɓa ganin takardar dubawa mai layi ɗaya da ke tambaya game da itacen da yara ɗari uku suke tsayawa a ƙarƙashinsa kowace safiya ba. Alhali kuwa a 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da lafiyar makarantu, tare da mafi ƙarancin ƙa'idojin da ake so kowace makaranta ta cika, kuma a cikinsu har da bala'o'in yanayi da haɗurran yau da kullum. Reshe mai nauyin buhun siminti biyar da ke rataye a kan allo, in bai shiga haɗurran yau da kullum ba, to mene ne zai shiga?

Za a ce mana babu kuɗi. Mun ji wannan amsa har ta zame mana kamar gaisuwa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, jihohi kuma suna kawo nasu kason a haɗa. Da wannan kuɗi ake gina azuzuwa, ake sayen kujeru, ake haƙa rijiyoyin burtsatse. Kuɗin da za a kashe a turo malamin daji ya zagaya makarantu goma, sannan a biya masu hawa su rage rassan da ya nuna, bai kai kuɗin rufin aji guda ba. Reshe ɗaya kuwa yana iya rushe wannan rufi cikin daƙiƙa, sai a dawo a sake ba da kwangilarsa. Mun lura cewa ana samun kuɗin sabon kwano bayan itace ya faɗa masa, ana kuma rasa na igiya da zarto kafin ya faɗa. Kwangilar rufi tana da riba, tana da allon sanarwa da ranar buɗewa. Rage reshe ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa ba ya shiga kasafi.

Akwai kuma masu cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Ba mu ja da wannan ba, kuma babu malami a cikinmu, Musulmi ko Kirista, da zai ja. Sai dai mutumin da ke faɗin haka yana kulle ƙofar gidansa da dare, yana duba birkin babur ɗinsa kafin ya hau titi, yana kai ɗansa allurar rigakafi. Ƙaddara ba ta hana shi ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan mai gadi ya yi gargaɗi shekara guda, hedimasta ya rubuta takarda sau biyu, gara ta yi gininta a fili kowa yana gani, sannan reshe ya faɗo, abin da ya faru sunansa sakaci, kuma ba daidai ba ne mai sakaci ya ɓuya a bayan tauhidi. Hausawa suna cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

To, yanzu ga masu gatari. Shawararsu tana da daɗin ji ga jami'in da ke tsoron takardar tuhuma: in babu itace, babu reshen da zai faɗo. Amma wanda ya taɓa tsayawa a gaban aji a watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, a ƙarƙashin kwano marar silin, tare da yara tamanin, ya san abin da inuwa take nufi. A gindin itatuwan nan ake taron safe, a nan yara suke cin abinci lokacin tara, a nan iyaye mata masu tallan ɗanwake da awara suke zama, a nan kuma ajin da ba shi da ɗaki yake karatu. Layin darbejiya da ke gabashin makaranta shi ne yake karya ƙarfin iskar farkon damina kafin ta kai ga rufi, kuma mun sha ganin makarantar da aka sare mata itatuwa ta rasa kwanonta a daminar da ta biyo baya. Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa mai hana kwararowar hamada a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na arewa. Kowace shekara ranar 5 ga Yuni ana tara mu da yaranmu a ba mu dashe mu riƙe a ɗauki hoto. Yaya za a yi hannu ɗaya yana miƙa mana dashen da bai wuce tsawon ruler ba, ɗaya hannun yana kayar da itacen da ya shekara hamsin? Idan aka sare duka, yaron da ke aji ɗaya yau zai gama firamare bai zauna a inuwa ba, wanda zai ci ribar kuwa shi ne mai buhunan gawayi.

Abin da ke tsakanin shiru da gatari shi ne dubawa, kuma dubawar farko ba ta buƙatar digiri. Masana itatuwa suna yi wa kowane itace tambaya uku. Shin akwai alamar cewa shi ko wani sashensa zai iya faɗuwa? In ya faɗo, akwai mutum ko gini a inda zai sauka, kuma awa nawa suke yi a wurin? In ya same su, yaya girman ɓarnar zai kasance? Mataccen itace a can ƙarshen gonar makaranta inda ba mai zuwa, hatsarinsa kaɗan ne. Reshe guda mai rauni a saman filin taron safe ya fi shi hatsari nesa ba kusa ba. Wannan ma'auni shi ne zai hana mu firgita da kowane kogo, ya kuma nuna mana inda za mu fara.

Ana fara dubawa ne daga nesa. A tsaya a inda za a ga itacen gaba ɗaya, a duba ko ya karkata, a kuma tambayi wanda ya daɗe a wurin ko karkatar tsohuwa ce. Itacen da ya tashi a karkace tun yana ƙarami ya riga ya yi wa kansa saiwar da za ta riƙe shi. Wanda ya karkata bana, musamman idan ƙasa ta tsage ko ta ɗago a ɗaya gefen gindinsa, saiwarsa ce take saki, kuma a ranar ya kamata a janye yara daga wurin. Daga nan a dubi sama. Rassan da ba su da ganye alhali 'yan uwansu suna da shi, ko waɗanda ɓawonsu ya saɓule, matattu ne, kuma mataccen reshe ba ya jiran iska. A nemi reshen da ya riga ya karye ya maƙale a jikin wani. A lura da kauci, domin yana shan ruwan reshen da ya hau har ya raunana shi. A duba kuma inda manyan rassa biyu suka rabu: idan mahaɗar tana da faɗi kamar bakin ƙwarya, tana da ƙarfi, idan ta matse kamar tsinin almakashi, ɓawo ya shige tsakani, ko ana ganin tsaga tana gangarowa daga wurin, to nan ne itacen zai rabe.

Sai a matso jikinsa. A zagaya shi ana ƙwanƙwasawa da ƙotar fartanya. Lafiyayyen itace yana amsawa da tauri, ruɓaɓɓe kuwa yana amsawa kamar ganga. A nemi hanyoyin ƙasa da gara take ginawa a kan ɓawo, da garin itace da ke zubowa daga ƙananan ramuka, da wurin da ruwa ko ƙaro yake tsattsafowa ba dalili. Idan laimar kwaɗi ko wani naman kaza mai tauri ya fito a gindi ko a jikin kututture, wannan shaida ce cewa ruɓa ta daɗe tana aiki a ciki. Kogo shi kaɗai ba hukuncin kisa ba ne, domin ƙarfin itace a gefensa yake, kamar yadda bututun ƙarfe yake da ƙarfi alhali cikinsa fayau ne. Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Claus Mattheck, ya nuna cewa hatsari yana ƙaruwa sosai idan kaurin lafiyayyen itacen da ya kewaye kogo ya gaza kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin tsakiyar kututture da ɓawonsa. A itacen da kaurinsa ya kai santimita 60, ana so a sami aƙalla santimita 10 na itace mai kyau a kewaye. Wannan jagora ne ga mai dubawa, hukuncin ƙarshe kuwa na ƙwararre ne.

Dole kuma a san halin kowane iri, don kada a yanke wa mai rai hukuncin matacce. Gawo yana zubar da ganyensa da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa, wanda bai sani ba sai ya ce ya mutu a watan Agusta. Kuka tana tsayawa tsirara duk rani, tana iya yin ƙaton kogo ta kuma rayu ɗaruruwan shekaru. Turare kuwa an san shi da sakin reshe ko da rana tsaka babu iska, saboda haka bai dace a yi aji a ƙarƙashinsa ba. Giginya ba ta da rassa, amma 'ya'yanta suna da nauyi kuma daga nesa suke faɗowa. Ceɗiya da durumi saiwarsu tana bin ƙarƙashin gini ta ɗaga daɓe. Wannan ilimi yana wurin dattawan unguwa da malaman daji, kuma ba mu da uzurin rashin tambaya.

A nan ne ya wajaba mu juyo da yatsa kanmu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wa yake sa yara su tara sharar safe a gindin darbejiya su cinna mata wuta? Mu ne. Wutar nan tana ƙona ɓawo, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: ta wannan ƙuna ruɓa da gara suke kutsawa. Wa ya ɗaure kwangirin ƙararrawa da waya a jikin reshe, wayar ta nutse cikin itace shekara da shekaru tana shaƙe shi? Wa yake buga ƙusa don rataya allo ko jadawalin shara? Wa yake kallo masu neman magani suna sassaƙe ɓawon maɗaci har su zagaye shi, alhali itacen da aka zagaye ɓawonsa ya gama rayuwa? Idan ɗan kwangila ya zo haƙa harsashin sabon aji ko shimfiɗa bututun ruwa, ya datse manyan saiwoyi taku biyu daga gindi, wa yake ce masa ya dakata? Yawancin saiwar itace tana cikin santimita 60 na saman ƙasa, tana kuma bazuwa har ta wuce iyakar inuwarsa. A ƙasar Ingila ƙa'idar masu gini ita ce a bar wa itace fili mai nisan kaurinsa sau 12 ta kowane gefe. Itacen da kewayensa ya kai santimita 190, kaurinsa kusan 60 ne, ke nan yana buƙatar fiye da mita 7. Wannan lissafi ne da 'yan aji shida za su yi da tef da alli, kuma ya fi misalan da ke cikin littafi amfani a gare su.

Akwai wani laifin da muke yi da kyakkyawar niyya, wato aske itace. Idan tsoro ya kama mu sai mu kira mai adda ya datse duk manyan rassa, ya bar kututture kamar turken doki. Bayan damina ɗaya sai tofo ya fito da yawa, mu ce ai ga shi ya farfaɗo. Wannan tofo a fatar itace kawai yake manne, a bakin raunin da yake ruɓewa, kuma bayan 'yan shekaru shi ne zai zama manyan rassan da ba su da riƙo. Reshen da ya faɗo a makarantar da muka ambata daga irin wannan tsohuwar datsa ya tsiro. Rage itace yana da ƙa'ida. Ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen ganye a lokaci guda. Babban reshe ana fara yanka shi kaɗan daga ƙasa, sannan a yanke daga sama can gaba kaɗan don nauyinsa ya tafi ba tare da ya yage ɓawo ba, daga ƙarshe a cire guntun da ya rage a daidai kumburin da ke mahaɗarsa, ba a shafe shi da jikin kututture ba. Wannan aikin manya ne masu igiya da tsani, a ranar da babu makaranta. Abin kunya ne a ga malami ya tura yaro ɗan shekara goma sha ɗaya saman mangwaro da adda a hannu, kuma muna kira ga duk wanda ke yin haka ya bari daga yau. Itacen da ya taɓa wayar lantarki kuwa, ba mai hawansa sai ma'aikatan wuta sun zo sun kashe layin.

Hatsarin itace bai tsaya ga reshe ba. Dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili yana jan tsawa, kuma al'adar yara ita ce su ruga gindinsa da zarar ruwa ya sauko. Sauti yana tafiyar kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Idan tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, kuma kowa ya kamata ya kasance cikin ɗaki, ya zauna har minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe. Zangon karatu na uku yana faɗawa ne daidai watannin Mayu da Yuni, lokacin da guguwar farkon damina ta fi ƙarfi, yawanci kuma da rana ko da yamma, lokacin da yara suke filin wasa ko suke hanyar gida. Malamar 'yan aji uku ta ceci rayuka ne saboda ta ɗaga kai ta karanta sama. Bai kamata ran yara ya dogara ga sa'ar samun malama mai lura ba. Ya kamata wannan ya zama doka a rubuce a kowace makaranta.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma muna roƙon shugabannin wannan reshe su kai shi gaba a rubuce.

Na ɗaya, hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta haɗa kai da sashen gandun daji a riƙa duba itatuwan kowace makaranta sau biyu a shekara: a watan Maris ko Afrilu kafin hadari ya fara, da kuma watan Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. Malaman daji suna nan a sakatariya suna karɓar albashi, kuma da yawansu za su yi murna a ba su aikin da suka karanta.

Na biyu, a ƙara layin itatuwa a takardar masu duba makarantu, daidai da layin rufi da na ban ɗaki, domin abin da ba a tambaya ba shi ne ba a gyarawa.

Na uku, duk takardar da shugaban makaranta ya rubuta game da itace mai hatsari a amsa ta cikin mako biyu. Idan ba a amsa ba, alhakin abin da ya biyo baya ya koma kan teburin da takardar ta kwana, kada a zo ana tuhumar malamin aji.

Na huɗu, kada a sare wani itace a harabar makaranta sai da rubutaccen hukuncin malamin daji da amincewar kwamitin gudanar da makaranta, wanda mai unguwa da iyaye suke ciki. Idan aka sare, a sayar da itacen a bainar jama'a, kuɗin ya shiga asusun makaranta, a kuma dasa aƙalla uku a madadinsa, nesa da gini da wayar wuta, a kewaye su saboda awaki.

Na biyar, duk kwangilar gini a makaranta ta ƙunshi sharaɗin kare saiwar itatuwan da ke kusa, wanda ya datse kuma ya biya.

Na shida, wanda shi ne tushen duka, a gyara azuzuwan da iska ta yaye. Yaran da ke karatu a gindin itace ba don sha'awa suke can ba.

Kafin a amsa mana, akwai abin da yake hannunmu, ba ya kuma buƙatar izinin kowa. Ranar Litinin mai zuwa, kowane shugaban makaranta ya ɗauki malamin kimiyya ko na aikin gona, da mai gadi, da mutum ɗaya daga cikin iyaye, su zagaya harabar. A ba kowane itace lamba da fenti, a buɗe masa shafi a kundin makaranta, a rubuta irinsa da kewayensa da abin da aka gani da kwanan wata, a kuma ɗauki hotonsa da waya. Wanda aka yi shakkarsa a kewaye shi da igiya ko duwatsu har iyakar inda rassansa suka kai, a mayar da taron safe da masu talla wani wuri. A kwance wayar ƙararrawa a rataye ta a jikin turke, a haƙa ramin shara nesa da itatuwa. Bayan kowace babbar iska a sake zagayawa kafin a bar yara su fita tara. Sannan a rubuta wa hukuma, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa, a kawo wani kwafin ofishin ƙungiya, domin ranar da za a nemi wanda za a ɗora wa laifi, takarda ce kaɗai za ta tsaya wa malami.

Ƙungiyar Malamai ta Najeriya ta kafu tun 1931, kuma mun saba ɗaga murya kan albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho. Wannan ma yana cikin sharuɗɗan aiki, domin a ƙarƙashin reshen da yaro yake zaune malami yake tsaye. Muna roƙon a sa wannan batu a ajandar taronmu na wata mai zuwa, kowane wakilin makaranta kuma ya zo da jerin itatuwansa a hannu. Darbejiyar da ta jefo reshe bara tana nan a tsaye, an kewaye ta da duwatsu, har yanzu tana jiran malamin daji, ga shi kuma damina ta kusa.

Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da iyayensu suka damƙa mana.